Ɗan Kunnen Inna a Farantin Narkarwa

Mu matan Kano ba ma barin gwal ya tsufa a hannunmu. Da yayinsa ya wuce sai a kai shi kasuwa, a ɗora a sikeli, a ba ki sabo. Da wannan ɗabi'ar na biyo maigidana Kuala Lumpur, inda yake digirinsa na uku, kuma da ita na shiga wani katafaren shagon Ba'indiye a Jalan Tuanku Abdul Rahman, na miƙa tsohon ɗan kunnen da Inna ta cire daga kunnenta ta damƙa mini a filin jirgi. Na zaɓi wani mai walƙiya. Yarinyar shagon ta jefa na Inna cikin faranti, ta ce duk Juma'a ake kwashe tsofaffin a narkar. Ko a jikina. Har hoton sabon na tura wa ƙawaye.

Kwana biyu tsakani aka sa dokar kulle ta korona. Sati uku da kullen, Inna ta rasu.

A hawa na sha huɗu na karɓi gaisuwa, ta waya. Babu jirgi, babu tabarmar makoki, babu mai dafa kafaɗata. Tagarmu na kallon Jalan Semarak, titin da a da sai kin yi addu'a kafin ki tsallaka, yanzu kuwa sai ɗan babur mai kai abinci jifa-jifa. Ranar uku na birkice gidan nan kaf ina neman wani abu da hannun Inna ya taɓa. Ko ƙyalle babu. Nan farantin ya faɗo mini, na ji kamar in shaƙe kaina don haushi.

Mutum ɗaya aka yarda ya fita a kowane gida, shi ma cefane kawai. Maigidana ya gwada sa'arsa, ya dawo yana share zufa.

“Ki yi haƙuri, har shingen na kai,” in ji shi. “Ɗan sandan ya ce tak boleh, wato ba dama, gwal ba makan ba ne, ba abinci ba ne.”

Sai na koma wa lambar da ke jikin rasit. Kullum da hantsi in kira, ta yi ta ringi har ta gaji. Ranar tara wata tsohuwar murya ta ɗauka. Na zaci maigadi ne, na sauke masa duk abin da ke cikina, har da cewa su ba su san darajar kayan mutane ba, alhali ni na kai da ƙafata. Ya bari na gama tsaf, sannan ya tambaya ko ina da jakar shagon a kusa, in duba hoton da ke jiki. Na duba: dattijo mai farin gashin baki, ya haɗa hannuwa yana murmushi. Ashe mai shagon na wanke tas.

Ya zo duba reshensa ne na kwana huɗu, kullen ya rutsa da shi. Otal ya ishe shi, ya tare a ɗakin da ke saman shagon. Ya ce ba a narkar da komai ba, maƙeran duk suna gidajensu, amma makullin akwatin ƙarfen yana hannun manaja a wani gari, sai an aiko da shi.

Kafin makullin ya iso, shi ya koma kirana. Tsohon akwai surutu, kuma na gane ba shi da wanda zai yi wa. Ya ba ni labarin rumfar mahaifinsa a wani ƙauye na kudancin Indiya, wadda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita. Yana yaro aikinsa share ƙasa da tace sharar don ƙurar gwal. Da ƙuruciya ya haye teku zuwa ƙasashen Larabawa, ya kwana a kan kanta shekaru, ya buɗe shago, ya karye, ya sake tashi. Yanzu akwai rassan da bai taɓa takawa ba. Amma ga shi yana wanke kofinsa da kansa, matarsa na can, shi yana nan. Wani lokaci tausayinsa ya kama ni, wani lokaci in ji kamar in ce Baba, ni ɗan kunnena nake so, ba tarihi ba.

Ranar da makullin ya zo ya kira ni ta bidiyo. Ya shimfiɗa jan ƙyalle ya juye farantin: zobba, awarwaro, sarƙoƙi a cukurkuɗe. Na kwatanta masa, zagayayye ne mai ɗan fure a tsakiya. Ya yi ta tonawa da yatsa, ya ware biyu, ya sake ware wasu biyu. Ƙira ɗaya, nauyi ɗaya. Ya ce a zamaninsu babu wadda ba ta sayi irinsa ba.

“Wanne ne, 'yata?”

Na kafa ido a waya har ruwa ya cika shi. Shekara talatin ina ganin abin nan a kunnen Inna, tana tuƙa tuwo, tana yi mini kitso, tana yi mini faɗa, ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Ya maƙala gilashinsa a ido ya ce guda an taɓa liƙe masa ƙugiya. Ko na Inna ya taɓa karyewa? Ban sani ba. Hannuna har ya tafi neman lambarta in tambaye ta.

Ya ce ba zai narkar da ko ɗaya ba, in zo in gani da idona idan an buɗe gari.

An buɗe, na je da takunkumi a fuskata. Shi ya riga ya samu jirgi ya tafi. Yarinyar ta miƙo mini 'yan ambulan biyu, kowacce da ɗan kunne a ciki. Na juya su a tafin hannuna, na auna, har shinshinawa na yi, tana kallona. Na ajiye mata sabon, na ɗauki mai liƙin.

Shi ke kunnena har yau, kuma ban sani ba ko na Inna ne ko na uwar wata.