Matan da Inayat Ta Kulle a Kabad

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, tara ga watan Sha'aban, bayan la'asar, Ammu Girgis mai shagon tsofaffin kaya a kasuwar Attarin ya bugo mini waya ya ce Ummu Midhat ta cika. Wato ke, Inayat el-Gindi. Na je gidanki, na zauna cikin mata, na sha baƙin kofi marar sukari kamar kowa, na saurari waɗanda ba su taɓa yin wuni ɗaya da ke ba suna cewa ke mace ce mai sanyin hali. Ban ƙaryata su ba, don gidan makoki ne. Amma ni Durriyya na san ki sama da shekara talatin, kuma idan akwai sanyi a halinki, to kin tafi da shi ƙasa ba wanda ya gani.

An ce a ambaci mamaci da alheri, kuma zan yi, domin kina da shi. Sai dai ba alherinki ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya hana ni barci tun ranar shi ne kabad ɗin nan na ɗakinki, da matan da ke kwance a cikinsa, da tambayar hannun wa za su faɗa.

Duk Iskandariyya mu biyu ne kawai muke tara sulallan tunawa masu fuskokin mata. Gwamnatoci kan buga irin waɗannan ba don a kashe a kasuwa ba, sai don girmama wani, kuma kowa ya san yawanci maza ake girmamawa. In ka ga mace a kan azurfa, to ta sha wuya kafin ta hau. Likita, malamar makaranta, matuƙiyar jirgin sama, wadda ta yi zaman kurkuku don ƙasarta. Mu muke bin su shago-shago. Da hankali ne, da mun zama ƙawaye. Sai muka zama kamar zakaru biyu a akurki ɗaya. In na ji labarin sule a wajen wani dillali, kafin in sa takalmi kin riga ni. In kin rasa wani, sai ki bi gari kina cewa nawa jabu ne. Ni ma ban bar miki ba, kuma ba na nadama.

Ga alherinki. Lokacin da muka fara zuwa zaman masu tara sulalla a gidan shayin nan na bayan kasuwa, ranar Juma'a, maza ne zalla, kuma suka nuna mana benci kusa da ƙofa. Ni na zauna. Ke kika ja kujera tana ƙara a kan daɓe har tsakiyar teburinsu, kika ce da shugabansu, "Matsa, Ustaz, ƙibarka ta cinye wurin mutum biyu." Daga ranar ba a sake nuna wa mace benci ba. Kuma kin san matan nan ɗaya bayan ɗaya, garinsu da abin da suka yi da yadda aka saka musu. Wani ya taɓa kiran ɗaya daga cikinsu da "wata tsohuwa", kika tsare shi da tarihinta har shayinsa ya huce.

Da mijina ya rasu, ke ce kika riƙa hawo benenmu da tukunyar miyar adas, ƙananan waken nan, da gwiwoyin nan naki masu ciwo, har na fita takaba. Ba ki taɓa cewa sannu ba. Ki ajiye tukunya, ki shafa yatsa a kan tebur, ki ce gidana ya yi ƙura, ki tsaya a kaina sai na cinye. Na tsani zuwanki, kuma shi ya raya ni. Wannan bashi ne da ba zan iya biya ba, ina kuma jin haushin cewa ke ce kika ɗora mini shi.

To amma rowa, Inayat. Ba rowar abinci ba, ba ta sutura ba. Rowar abin da kika sani da abin da kika mallaka. Kabad ɗin kullum a kulle, makulli a wuyanki. Ba kya buɗe shi sai kin rufe ƙofar ɗaki kin sa farar safar hannu. Kin tsaya wa matan nan a gaban baƙi, amma a gidanki kin mai da su 'yan kulle. Ɗa ɗaya Allah ya ba ki, Midhat, ga shi yau har da furfura, kuma ba ki taɓa zaunar da shi kin ce ga yadda ake riƙe sule ta gefensa ba. Ba ki taɓa gaya masa abin da ko sabon shiga ya sani ba, cewa baƙi-baƙin da azurfa ke yi shi ne shekarunta da mutuncinta, kuma wanda ya goge shi ya kashe sulen. Na faɗa miki wannan a gaban mutane. Kika ce in je in haifi nawa in koya masa. Kin san ban haihu ba. Na yafe miki wannan, amma ban manta ba.

Ranar Alhamis ta farko bayan rasuwarki, da mata ke sake taruwa, na yi sammako don in sami Midhat shi kaɗai in yi masa maganar kabad kafin dillalai su shinshino. Ashe ba dillalai ne abin tsoro ba. Tun daga matakala na ji ƙamshin lemon tsami. Na same shi a kicin, ya naɗe hannun riga, ga kwanon toka, ga ɓawon lemo, ga soson ƙarfen da ake wanke tukwane da shi. A kan tawul ya jera matanki suna walƙiya kamar sabbin cokula.

Ya ɗago yana murmushi, idanunsa jajir. "Tanti Durriyya, zo ki gani! Duk sun yi baƙi, wallahi kamar gindin tukunya. Na ce ba za a zo gaisuwar Mama a tarar da kayanta da datti ba. Yau zan shimfiɗa su a falo kowa ya gani."

Ban san lokacin da na fizge soson ba. Na ce, "Kai Midhat, Allah ya shirye ka! Wa ya aike ka? Uwarka ko kwana bakwai ba ta yi ba ka tashi ka fere mata fuskokin mutane?"

"Wankewa fa kawai na yi, Tanti."

"Wankewa? Dubi likitar nan. Ina gashin girarta? Ina layin mayafinta? Ka mai da ita murfin kwalba!"

Garin neman gira an rasa ido. Kusan rabin abin da kika tara a rayuwarki ya bi ruwan wanke-wanke. Na zage shi, Inayat, zagin da ban taɓa yi wa ɗan mutum ba, ya tsaya ya sunkuyar da kai kamar ɗan makaranta. Da na gaji, sai ya ce a hankali, "Ni ban sani ba. Ban taɓa riƙe ko ɗaya ba sai jiya, da na cire makullin daga kayanta." Nan na gane ba shi ya kamata in zaga ba. Ke ce, kuma kin tafi inda murya ba ta kaiwa.

Don ya lallashe ni, sai ya ɗauko wani babban sule daga kan tawul ya miƙo mini. Ya ce wannan ya fi ba shi wahala, akwai wani baƙin tabo a kumatun matar da ya ƙi fita, sai da ya yi ta dirza. Na karɓa na duba. Ungozomar nan ce ta ƙetaren teku, wadda kaɗan aka buga.

Kin tuna ta. Ni na fara ganinta a shagon Ammu Girgis. Ya fito da ita daga gidanta na roba ya ɗora a kan ƙyalle, ina laluben tabarau a jaka, kika shigo kamar an jefo ki. Ba ki tsaya sa safa ba. Kika danna babban yatsanki a kan fuskarta kika ce, "Na taɓa, tawa ce." Irin wannan sule mai sheƙin madubi ba ya yafe yatsa. Zanen yatsan ya kama azurfar, shekara na zuwa yana ƙara baƙi, har ana iya ƙirga layukansa. Na yi shekaru ina yi miki gori da shi a gidan shayi, ina cewa ga wadda ta ɓata sule don kada wata ta samu.

Midhat ya ga yadda fuskata ta sauya. Ya ce, "Mene ne, Tanti? Me na goge?"

Da ni mai tausayi ce, da na ce datti ne. Amma kin san ni. Na ce, "Yatsan uwarka ne."

Ya daɗe yana kallon sulen. Ya tambaye ni ko zai dawo in an bar shi, na ce ba zai dawo ba. Sai ya wuce ɗakinki, na bi shi. Ya jawo durowoyin da bai kai gare su ba, ya durƙusa, ya riƙa duba su ɗaya-ɗaya a hasken taga, yana neman wani tabon. Na tsaya a bakin ƙofa ban hana shi ba, ko da yake na san abin da zai tarar. Babu. Ke da ba kya kuskure, ke mai safa. Cikin kabad ɗin nan kaf, wuri ɗaya tak hannunki ya taɓa, kuma ɗanki ya kankare shi da soson tukunya don yana son ya faranta miki. Mata suka fara sallama a falo, shi yana durƙushe yana kuka irin na babban mutum, marar sauti.

Daga baya ya ce in ɗauki ungozomar, tunda ya ji na daɗe ina sonta. Na ce ni ba na tara gogaggen sule, ya riƙe abinsa. Sauran da suka tsira kuwa ban bari ya kulle su ba. Na zaunar da shi a bakin gadonki, na ɗora masa malamar makarantar nan tsakanin yatsu biyu, ta gefe, na gaya masa sunanta da garinsu. Duk lemo ya cinye fatar hannunsa. Aikinki ne wannan, Inayat, ba nawa ba. Kin bar wa abokiyar gabarki shi, kuma zan yi, kowace Juma'a, ina yi ina jin haushinki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Midhat da iyalinsa, da dangin el-Gindi na nan da na Damanhur, da abokan zamanmu na gidan shayi, waɗanda yanzu ba su da mai tsawata musu. Allah ya ba su haƙuri, ya sanyaya zuciyar yaron nan, kada ya kama shi da abin da ba a koya masa ba.

Ke kuma, Ummu Midhat, Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi. Ya sa tukwanen miyar da kika hau bene da su su yi nauyi a mizaninki. Ya gafarta miki kaifin harshe, ya gafarta miki makullin nan. Ya buɗe miki ƙofofin rahamarsa fiye da yadda kika buɗe wa ɗanki naki. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.