Korniya a Dama, Tiyo a Hagu

Shekarun baya da dama, wajen lokacin da aka fara aikin gyaran ƙasa a Keita, na dawo Tamaske daga cin rani da wata tsohuwar katkat, irin motar nan da tayoyinta huɗu duk suke ja. Ita ce duk abin da na tara a zamana na kudu. Ina ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan albasa tsakanin Tamaske da Keita da Bouza, ina hura hanci kamar ni na ƙera ta.

Wanda ya san ƙasarmu ta Adar ya san duwatsunta. Wata rana ina gangarowa daga wani tudu, dutse ya daki ƙasan ƙofar dama, ya lotsa wurin har ƙofar ta ƙi buɗuwa. Wani dattijo mai jiki ne zaune a gaba. Ta ƙofar direba muka jawo shi, rawaninsa ya warware, yana ta yi mini faɗa har muka rabu. Kwana biyu bakanike ya yi yana bugun wurin kafin ƙofar ta dawo daidai. Ranar na rantse ba zan sake hawa mugun dutse ba sai na sa wa motar ƙarfen kariya, irin wanda na gani a motocin masu aikin Keita: dogon ƙarfe a ƙarƙashin ƙofofi, daga tayar gaba zuwa ta baya, don dutse ya dake shi maimakon jikin mota.

A satin nan ne saƙo ya zo cewa yayar mahaifiyata ba ta da lafiya. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Aure ya kai ta wani ƙauye a kan tudu ta hanyar Allakaye, inda hanyar dutse ce zalla, kuma sun yi shekaru ba su ga juna ba saboda ciwon gwiwar mahaifiyata.

Ni ne ɗan farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, in tana da magana da ni sai ta faɗa wa ƙanwata ina tsaye ina ji. Haka ta yi ranar. Ta dubi ƙanwata ta ce, "A hwaɗa ma mai motar nan yayata ba ta jin daɗi. In ya samu sarari."

Na ce, "Inna, bari in sa ma motar ƙarhe tukuna. In ƙohwa ta maƙale kina ciki, da gwiwoyin nan naki ba ki iya hita ta wancan gehe. Kwana biyu na kawai."

Ta ci gaba da tsince hatsinta, ta ce, "To, Allah shi kai mu."

Da na san abin da ke jirana, da ban ce kwana biyu ba. Na fara da abokina a nan Tamaske, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mutumin da bai taɓa cewa bai san abu ba. Ya ce magana ɗaya ce: tiyo mai kauri, wato bututun ƙarfe, a like shi da wuta a jikin shasi, ƙarfen da ke ɗauke da gangar jikin mota. "Tiyo zagaye gare shi," in ji shi, "in ya hau dutsi sai shi sulale. Kak ka saurari kowa."

Na tafi Keita wurin mai walda da murnata. Yana jin an ce wuta a shasi ya ajiye abin hannunsa. Ya ce wuta tana kashe ƙarfin shasi, wata uku ya tsage, in ya tsage kuma mota ta zama gadon kaji. Shi a wurinsa korniya ce, ƙarfen nan mai kusurwa, a huda a ɗaure da noti. Na ga maganarsa ta yi hankali. Na koma na faɗa wa abokina, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce noti a hanyar Adar kwana nawa zai yi bai kwance ba, kuma korniya kama dutse take yi, ba ta sulalewa. Ita ma maganarsa na ga ta yi hankali. Matsalata ke nan: duk wanda na ji daga ƙarshe, shi ne mai gaskiya.

Na ce bari in nemi na uku ya raba gardama. Wani tsohon bakanike a Bouza ya saurare ni tsaf, sannan ya tambaye ni, "Yatsa nawa kaka so shi hito waje?" Ban ma san akwai wannan tambayar ba. Ya ce in ƙarfen ya fito da yawa, ranar kasuwa mutane za su mai da shi matakala, su tsaya a kai su huɗu su biyar har ya lanƙwashe. In kuma bai fito ba, bai kare komai ba. Na je da tambaya ɗaya na dawo da biyu. A Madaoua mai sayar da ƙarfe ya ƙara mini ta uku, ya ce mai nauyi yana danne mota har cikinta ya riƙa taɓa ƙasa, marar nauyi kuma dukan farko ya naɗe kamar tabarma. Don kada in yi kuskure, na sayi tiyo na sayi korniya, na loda su a baya ina yawo da su gari gari.

Sai da ta kai na shiga ƙarƙashin motar masu aikin Keita na kwanta ina leƙe, har mai gadi ya jawo ni ta ƙafa. Ko a masallaci, Allah ya yafe mini, in na ga sahu ya miƙe sai in tuna da korniya.

Duk wannan lokacin mahaifiyata ba ta sake tayar da maganar ba. Ko sau ɗaya. Ni kuma na ɗauki shirun nata a kan cewa babu gaggawa, na ce da jikin ya yi tsanani ai da ta yi magana. Na manta wace ce ita, na manta wane ne ni a wurinta. Akwai ɗan ƙunshi da ta ɗaure ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, sabon zane da kanwa da 'yar kuka, kullum da safe ina wuce shi. Ƙanwata ta taɓa ce mini, "Yaya, kayan Inna hwa suna ɗaure." Na ce mata gobe ko jibi.

Sati uku cur na yi a haka. Mai waldar Keita ne ya gaji da ni. Ya ce, "Malam, ko ka zaɓa yau, ko ka kwashe ƙarhunanka ka bar min wuri." Na tsaya ina zufa, na dubi wannan na dubi wancan, sai na ji bakina ya ce a ɗaura korniya da noti a dama, a like tiyo a hagu. Ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa ganin mota mai ra'ayi biyu ba, amma ya yi.

Na iso gida wajen azahar ina danna oda don kowa ya ji. Ƙanwata ce ta fito, ba ta ko kalli ƙarfen ba. Ta ce, "Inna ta tahi tun da sahe. Ta ari jaki, maƙwabciyarmu na jan shi." Na dubi bakin ƙofar, babu ƙunshin. Kunya ta rufe ni, na juya motar na bi bayansu.

Bayan la'asar na cim musu a gindin tudu. Mahaifiyata na zaune a inuwa ta miƙe ƙafafu, gwiwoyin sun kumbura. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon jakin. Maƙwabciyar ta juya da shi gida, mahaifiyata kuma ta taka korniyar ta shiga mota. Muna hawa dutse ya daki dama, ya daki hagu, kuma ba zan ɓoye muku ba, har a lokacin ina kasa kunne in ji wane gefe ya fi ƙara. Da muka isa ƙofar ta buɗe lafiya lau.

Mun tarar da yayarta da rai, amma bakinta ya rufe kwana huɗu da suka wuce. 'Yarta ta ce, "Satin da yaw wuce zaune take tana shan hura, kullum sai ta ce ko kun taso." Mahaifiyata ta zauna ta riƙe hannunta, ta yi ta ba ta labarin gida da na mutanen da suka sani tun suna yara. Ba ta samu amsa ba. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai muka kamo hanyar gida mu biyu kaɗai, babu wanda za ta aiko da magana ta bakinsa. Mun yi nisa, sai na ji ta ce, ni take yi wa magana kai tsaye, abin da ban saba ji ba, "Wanne ya hi, na dama ko na hagu?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta ce, "Sati ukku. Kuma ba ka sani ba." Ba ta sake ɗaga maganar ba har ta bar duniya.

Motar ta yi shekara shida a hannuna da ƙarfen nan biyu. Shasi bai tsage ba, noti bai kwance ba, duka biyun sun sha duka sun lotsa daidai wa daida. In yau wani ya tambaye ni wanne zai sa, wallahi har yanzu ban sani ba, kuma na daina jin kunyar faɗin haka. Abin da ke damuna shi ne na zagaye garuruwa huɗu ina sauraron duk mai ɗaga murya, na bar wadda ta yi magana sau ɗaya a hankali a cikin gidanmu. Yanzu na tsufa, nawa 'ya'yan ke tuƙi. Amma in wani a gidana ya sunkuyar da kai ya ce mini "in ka samu sarari", ba na tambayar kowa shawara. Takalmina nake nema.