Ranar da Inna Ta Faɗi a Hanyar Maruda

Akwai abubuwan da shekaru kan goge daga zuciya, amma ranar da mahaifiyata ta yanke jiki ta faɗi da ƙwaryar nono a kanta, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Ni ce sanadi, kuma da kyakkyawar niyya na yi.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kalgo. Zaman aji ya sa na yi ƙiba, sai wata abokiyar aikina ta saka min manhaja a waya. Kana rubuta duk abin da ka ci, ita kuma ta lissafa maka kalori, wato ƙarfin da abincin ke ba jiki. Wata huɗu ina bin ta, rigunana suka fara yi min yawa. Daga nan fa kaina ya kumbura, na zama likitar da ba ta da takarda.

Da aka yi hutu na tafi gida Gwandu, na tarar an gaya wa Inna a asibiti cewa jininta ya hau, ta rage jiki. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na samo ɗan ƙaramin kwano na ce iyakar tuwonta ke nan, furar rana na mayar da ita ludayi uku, man shanu kuwa na ɗauke kwalbar na ɓoye. Adadin da waya ta yanka min, ni mai wuni a kan kujera, shi na yanka mata.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne wunin Inna. Da ta idar da sallar asuba take fita a ƙafa zuwa rugar danginta a hanyar Maruda ta karɓo nono. Ta dawo ta daka gero, ta ja ruwa a rijiya, sannan ta ɗauki ƙwarya ta nufi kasuwa. Duk wannan a gabana ake yi, amma idona na kan waya.

Ga shi kuma ni ce 'yar fari. Bafulatana irin Inna ko sunana ba ta kira saboda kunya, balle ta buɗe baki ta ce min tana jin yunwa. In na tambaye ta ko ta ƙoshi, sai ta kawar da kai ta ce, "Alhamdu lillahi, an ci." Ni kuwa sai in ji daɗi in rubuta.

A kwana na goma sha ɗaya, da hantsi, wata maƙwabciyarmu ta shigo gida da gudu ko sallama babu. Ta ce Inna ta faɗi a hanya, an wuce da ita asibiti a kan babur. Ban san na fita da takalmi wari da wari ba sai da na isa. Na same ta a kwance ana ƙara mata ruwa, zaninta duk nono ya bushe a jiki.

Malamar asibitin, wata dattijuwa, ta tambayi abin da Inna ke ci. Na miƙa mata wayar, har lokacin da sauran taƙama a raina. Ta duba ta jinjina kai.

"Ɗiyata, ina kika rubuta tahiyatta? Ina daka, ina jan ruwa?"

Na ce ai abinci ake rubutawa. Sai ta nuna min layi biyu a fuskar wayar. Na sama jimillar abin da ya shiga ciki ne. Na ƙasa shi ne abin da ya rage wa jiki bayan an cire wanda aiki ya ƙone. Tunda ban taɓa saka aikin Inna ba, layukan biyu suka zama ɗaya, kamar a kwance take wuni.

"In kin cire wahalar da takai, mi ya rage mata? Ga ta ga maganin hawan jini, ga rana. Rage jiki anka ce, ba a ce a kashe ta da yunwa ba."

Na fashe da kuka. Sai Inna ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba, kamar yadda ta saba.

"Malama, bar yi mata hwaɗa. Ni tun ranar hwarko na sani. Saniyar da ka tahiya kiwo ba a auna mata dusa da kwanon ta turke."

"To, Inna, mi ya hana ki hwaɗi?"

Ta juya wajen malamar. Sai ta ce, "Tun da ta tai makaranta ba ta taɓa zama gabana tana jiran in ci abinci ba, sai wanga karon. Na ji tsoron in na ce bai isa ba, ta ji kunya ta bari."

Kwana goma tana kwana da yunwa don kawai in ci gaba da zama kusa da ita.

Inna ta warke, kuma jikin ya ragu a hankali bisa tsarin da malamar ta yi mata. Ni kuwa na koyi cewa kafin ka auna wa mutum abin da zai ci, sai ka fara sanin abin da wuninsa ke cinye masa. Na kuma koyi cewa in mai ƙaunarka ya ce ya ƙoshi, ka ajiye wayar ka dubi fuskarsa.