Igiyar Shanya a Kan Tudun Mpape

Mun bar Gwarinpa asubar Asabar, ni da abokin aikina, muka nufi Mpape. Wata makaranta a Gwarinpa da muka haɗa wa intanet ce ta hana ni sakat. Sabis ɗinsu na zuwa ta iska daga eriyarmu da ke kan tudu, sati lafiya lau, amma duk Asabar sai ya tsinke. Ga shi ranar da yamma ɗalibansu za su zauna jarrabawar kwamfuta, wanda ya rasa kuma sai baɗi. Na canza waya, na canza tasha, shiru. Na ce yau da idona zan ga aljanin nan.

Muka ratsa gefen Maitama, masu gadi na hamma, masu lambu na ba furanni ruwan da ya fi na gidana tsafta. Daga nan kwalta ta fara hawa, tifofin dutse na ture mu gefe. A gindin tudu muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa. Mai acaba yana ganin jakar kayan aiki ya ninka kuɗi, sai muka taka da ƙafa.

Ƙarfen eriyar a tsakar gidan wata dattijuwa Bagwariya yake. Na duba na'ura, sigina cike. Abokina ya fara yi mini dariya, na ce mu jira.

Hantsi na yi Mama ta fito da baho. Ta ɗaura igiya a jikin ƙarfenmu, ta ja ta zuwa bishiyar mangwaro, ta hau shanya barguna da zannuwa jiƙaƙƙu. Ina kallo sigina na sauka bargo bayan bargo. Ƙarfen ya ɗan rusuna kawai, amma farantin eriyar da ke samansa ya daina kallon Gwarinpa.

Na gaishe ta, na yi bayani. Ta ce, “Oga, ƙarfen nan tsaye kawai yake, ba ya aikin komai. Ni na ba shi aiki.”

Gardama ba ta taso ba. Muka sayo turaku biyu muka kafa mata, muka saita farantin, muka ƙara ɗaure shi.

Tafiyar ta koya mini in riƙa tambayar masu gida yadda suke rayuwa kafin in kafa ƙarfe. Ina shiga gida shugabar makarantar ta kira. Ta ce yara sun gama, ko sau ɗaya bai yanke ba. Na ji daɗi har raina. Na kira Mama in yi godiya, ta ce bargunanta ma sun bushe.