Ƙwan da Na Zubar a Kwata

A shekarun da Maiduguri ta cika da 'yan gudun hijira, ina aikin unguwarzoma a wani asibitin tanti da ke cikin sansani, can bayan Dala. A nan na san wata tsohuwar Baturiya, gajeriya, kanta fari fat, wadda matan sansanin suke kira Kaka. Ta yi ritaya daga aikin jinya a ƙasarsu, ta taso ta zo tana yi kyauta. Hausarta kuwa sai haƙuri, mace ta ce mata shi, namiji ta ce masa ita, kamar dai tsofaffin gidanmu Barebari. Da Turanci muka fi hira.

Wata rana muna wanke hannu bayan wata haihuwa da ta ba mu wahala, na ce mata Allah ya ba ta ladar wannan sadaka. Ta tsaya da sabulu a hannu, ta sa na maimaita kalmar. Sai ta yi dariya, ta ce su ma suna da ita a yaren addininsu, tsidaka suke cewa. Na ce wane addini? Ta leƙa ƙofar tanti, ta rage murya, ta ce ita Bayahudiya ce.

"Amma a wajenmu ba alfarma ba ce," in ji ta. "Haƙƙin mutum ne a hannunki. In kin ba shi kin sauke, in kin hana kin ci haƙƙi."

Ta roƙe ni maganar ta tsaya tsakaninmu. Na ce to. Kwana uku ba a yi ba na fesa wa 'yar goggona, don ni bakina ba ya riƙe magana.

Da damina ta shigo mahaifiyata ta rasu a gidanmu na Gwange. An dawo daga maƙabarta ke nan, tsakar gida cike da mata, mai cewa ya haƙuri da mai cewa kanadi da Barbarci, sai ga Kaka ta shigo da mayafi a karkace da kwano mai murfi. Aka jawo mata kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ba ta ce komai ba. Ta buɗe kwanon ta turo gabana: dafaffen ƙwai ne, a ɓare, da biredi.

Goggo, yayar babana, ta yafito ni ɗaki. Ina shiga ta tura ƙofa.

"Ke, wannan ce Bayahudiyar?"

Ashe 'yarta ta riga ta kai mata labari. Ta ci gaba da faɗa.

"Ƙwai a gidan mutuwa! Ina kika taɓa gani? Ƙwai fa a mararraba ake ajiye wa mutum shi. Ga shi ko Allah ya jiƙan rai ba ta ce ba, ta zo ta yi zuru. Wallahi kika kai shi bakinki ba ni ba ke. Fitar mana da shi daga gidan nan."

Na san hannun da ya ɓare ƙwan nan. Na ga ya juya jariri a cikin uwarsa, na ga ya wanke gyambon da mu 'yan gari muke toshe hanci mu wuce. Amma idon mata yana kaina, ni kuma na fi tsoron a ce 'yar marigayiya ta ci abin Yahudawa fiye da tsoron in ci amana. Na fito na ɗauki kwanon, na bi ta zaure, na juye shi a kwata. Ina juyowa na gan ta a bakin ƙofa tana neman takalminta. Ta ga komai. Ta karɓi kwanonta ta ce, "Sannu, 'yata," ta tafi.

Da na koma aiki ba ta canza mini fuska ba, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ni na kasa daurewa na tambaye ta me ya sa ƙwai. Ta ce a al'adarsu wanda aka yi wa rasuwa ba ya fara cin abincin tukunyarsa, sai abin da maƙwabci ya kawo masa, don ya san ba shi kaɗai ba ne. Ƙwai kuma ba shi da baki, kamar mai makoki. Shirun da ta yi ma ladabi ne, ba a yi wa mai makoki magana sai ya fara. Ashe ni take jira in buɗe baki. Maimakon in ce ta yafe mini, sai na ce, "Mu a nan ba a haka." Har yau in na tuna wannan amsa sai na ji haushin kaina.

Bayan wata biyu aka bugo mata cewa ƙanwarta ta rasu, ita kaɗai ce ta rage mata a duniya. Su ma kamar mu ba sa jinkirta binnewa, don haka aka rufe ta Kaka tana nan. Ta zauna a masaukinsu tana jiran jirgi. Duk garin nan ni kaɗai na san abin da take jira bayan jirgin.

Ranar farko na dafa ƙwai, Goggo ta shigo kicin ta ce na wa, na ce na yara ne. Rana ta biyu na ce ai kunya ma ba za ta bar ni in haɗa ido da ita ba. Rana ta uku na sake dafawa, na ɓare, na rufe da mayafi, na hau keke napep.

Maigadin masaukin ya ce ta tafi tun da safe.

"Hajiya, tsohuwar nan ta ba mu tausayi. Kwana biyu a ƙasa take zaune, kuku ya kai abinci ta ce a mayar, ruwa kawai. Ko motsi ta ji a get sai ta aiko a duba wa ya zo."

Na tsaya riƙe da kwano kamar an dasa ni. Ya leƙa, ya ce in ba mai ci a ba shi. Na miƙa masa. Ya jefa guda ɗaya a baki, ya ce, "Allah ya karɓi sadaka, Hajiya."

Ban ce amin ba. Mai haƙƙin ta riga ta bar garin da yunwarta.