Wankin Kaset Ɗin Baba Maina

Shekaru sun ja, amma ranar da aka wanke kaset ɗin Baba Maina ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo wannan sana'a kuka tarar komai a cikin waya yake, ku saurara.

A 1999 ne. Ina aiki a wani ɗan situdiyo a Haɗejiya, ni ne mai ɗaukar sauti. Sama da ni akwai manaja, Habu, ƙanen mai wurin. Muna ɗaukar mawaƙan biki da 'yan waƙar coci, muna kuma juya wa mutane tsohon kaset a kan sabo. Yadda ake juyin, a saka kaset a rikoda, sautin ya shiga kwamfuta, a gyara, sannan a fitar da shi a kan kaset sabo fil. Na mai shi kuwa a miƙa masa abinsa yadda ya kawo.

Da damina wani ya zo daga Kano da faifai, ya cire mana tsohuwar manhajar gyaran sauti da ke kwamfuta ya ɗora sabuwa. Gaskiya ba zan zalunce ta ba, tana da abin yabo. Amsa-kuwwar da take ƙara wa murya kaɗai ta isa. Matan coci 'yan Kudancin Kaduna suka yi waƙa a ɗan akurkin ɗakinmu, da na kunna musu sai ka rantse a babbar majami'a suke, shugabarsu har da guɗa. Amma fa ga nauyin tsiya! Kana tsakiyar aiki sai ta daskare, ga cin wuri. Shi ya sa Habu ya kafa doka: aikin da aka gama, a goge shi daga kwamfuta nan take. Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne wani maɓalli mai share hayaniya daga tsohon sauti. Wanki muke ce masa. Habu kuwa ko tari ka yi a makirfo sai ya wanke.

Da ruwa ya fara janyewa, wata Juma'a da hantsi, sai ga wani dattijo daga wajen Guri, masunci, ya ce sunansa Maina. Ya kwance ƙullin tsumma ya fito da kaset da ya sha jiki. Ya ce waƙar kamun kifi ce, shi da ƙanensa Ilu, wani malamin makaranta ya ɗauke su tun da daɗewa. Masunta a can kan babban gora suke kwanciya a ruwa. Shi Maina yana waƙa, Ilu yana bugun gora da hannu ɗaya, yana marin ruwa da ɗaya, kiɗan ke nan. Ilu ya rasu bara.

"Ɗana," in ji shi, "muryarsa ba ta ciki, shi ba ya waƙa. Hannunsa ne a ciki. A juya mini kafin zaren ya tsinke, 'ya'yansa su riƙa ji."

Na ce, "An gama, Baba. Ku dawo bayan la'asar."

Na shigar da sautin. Sai muka duba kwali, ashe sababbin kaset sun ƙare. Habu ya ce ba matsala, a wanke a mayar masa a kan nasa.

Na ce, "Manaja, a kan nasa? Mu bari ya zo ya ji tukuna. Ko in sayo ɗaya a kasuwa bayan masallaci."

"Kai dai ba ka son ci gaba," in ji shi. "Tsoho zai ji waƙarsa garau, ya yi ta sa mana albarka."

Na ɗauka mun rabu a kan zan sayo. Na tafi masallaci, na biya kasuwa, na dawo da kaset a aljihu. Me zan gani? Habu ya toshe ramin kaset ɗin dattijo da salatif, wannan ramin da ke hana a ɗauki wani abu a kai. Ya wanke, ya zuba amsa-kuwwa, ya naɗa a kai, kuma ya bi dokarsa ya goge na kwamfuta. Yana zaune yana kaɗa ƙafa, wai ya rage mini aiki! Wallahi ji na yi kamar in rusa masa rikodar a ka.

Baba Maina ya zo, Habu ya kunna da kansa. Murya ta fito tas, har da amo. Amma a bayanta babu komai sai wani ɗan ƙugi kamar ana kurkure baki. Manhajar ta ji ƙarar ruwa da bugun gora, ta ɗauka datti ne, ta share.

Dattijo ya matso da kunnensa jikin lasifika. Ya daɗe a haka.

"Wannan ni ne," ya ce. "Ina Ilu?"

Habu ya fara bayani, wai hayaniya ce aka cire, wai haka ake yi a Turai.

"To, na gode. Ba ni nawa na da, wannan ku riƙe."

Habu ya dube ni. Ni zan faɗa? Ni ɗin dai na faɗa. Na durƙusa na ce, "Baba, wannan shi ne naku. A kansa aka naɗa. Babu wani."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya karɓi kaset ɗin, ya juya shi gaba da baya, ya ajiye a kan tebur. Ya ninke tsummansa ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya tsaya neman takalminsa, ya ce, "Bara na yi haƙuri, don Mai shi ne ya karɓa. Wannan fa, wa zan ce ya karɓa?"

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ba na jin haushin manhajar sosai, abin da aka ce ta yi ta yi, kuma na ci gaba da aiki da ita shekaru. Haushin Habu nake ji, da duk mai irin halinsa a cikinmu, wanda in ya sami sabon maɓalli sai ya danna shi a kan kayan mutane bai tambaya ba. Ku masu tasowa, kafin ku share wani sauti, ku kira mai shi ku tambaye shi mene ne wannan. Wani lokaci ƙanensa ne.