Makarantar da Babu Teku Kusa da Ita

Matata Chun-hwa tun tana yarinya take nitso a teku, kamar uwarta da kakarta. A ƙauyenmu na tsibirin Jeju aikin mata ne: su shiga ruwa su ciro kawa da dodon-koɗi, mu maza mu ji da gonar lemo da yara. Ta yi suna wajen daɗewa a ƙasan ruwa, shi ya cinye mata kunne ɗaya. Sai ta sha maganin ciwon kai take iya shiga.

'Ya ɗaya gare mu, Mi-ryeong. Ta ɗauko numfashin uwarta, ga kuma kan lissafi, wanda ban san inda ta samo shi ba, don ni ban gama firamare ba. Da ta zo gama sakandare ta ce akanta za ta zama. Malaminta, Malam Hyun, ya kira mu ya ce jami'ar tsibirin za ta ɗauke ta kyauta, kuma a gida za ta riƙa kwana. Yarinya ta yi ta murna, ni ma haka.

Chun-hwa ba ta yi ba. A wurinmu 'yar mai nitso in tana gari tana da gurbin uwarta a ruwa, kuma ba a barin gurbi ya zauna banza. Har matan ƙungiyar masu nitso sun fara zolayar Chun-hwa.

"Yaya, a kawo mana akantarmu mu gwada mata kayan roba na nitso. Asabar da Lahadi kawai."

"Ni ma da Asabar da Lahadi aka fara min," in ji Chun-hwa.

Washegari ta ja ni muka koma makaranta, gashinta bai ma bushe ba. Malam ya fara lissafo mata jami'o'in biranen Busan da Incheon masu suna a harkar kuɗi.

"Malam, ɗaga murya, kunnen nan ado ne. Busan akwai teku?"

"Akwai, Mama."

"Ɗayar fa?"

"Ita ma."

"To nuna min wadda babu."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba. Ya ɗauko taswira ya ɗora yatsa a kan garin Cheongju, can tsakiyar ƙasa, duwatsu ko'ina. Ya ce makarantar ba laifi, amma ba ta kai waɗancan ba, kuma biya za mu yi.

A gida Mi-ryeong ta yi kuka. "Inna, korata kike yi?"

"E. In kina nan, ranar da bayana ya ƙi miƙewa za ki ce bari ki shigar min. Na san ki." Ta juyo kaina. "Baban Mi-ryeong, kai kuma ka yi shiru kamar tukunya. Ka ce wani abu mana."

Na ce lemon bana ya yi kyau, zai ɗauki nauyin karatunta.

Ta tafi, ta gama, ta samu aiki a wani banki a can, ta auri ɗan garin. Abin da ba mu hango ba shi ne wanda ya yi karatu a wuri, a nan yake samun aiki da miji da komai. Bikin kaka kaɗai ke kawo ta, wani lokaci ma jirgi ya cika.

Bara ta zo da 'yarta. Chun-hwa ta kai jikar bakin ruwa, igiyar ruwa ta taɓa mata ƙafa, yarinya ta tsala ihu ta ruga bayan uwarta.

"Kun gani ko?" ta ce wa matan ƙungiya. "Jikata ko wanka a rafi ba ta iya ba."

Aka yi dariya. Da Mi-ryeong da 'yarta suka tafi, Chun-hwa ta zauna a kan katangar dutse, kayan robarta a cinya, har matan suka gaji da kira suka shiga ba ita. Na kawo mata shayin sha'ir. Ta tambaye ni ko a Cheongju ana sanyi sosai yanzu. Na ce ina jin ana yi.